Littafin girki daga Amurka, tukunya a ɗakin ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a, a hostal nake zaune. Yayata ta kawo mini tsarabar littafin girke-girke na Turanci daga Amurka, ina so in riƙa girki da gashi daga cikinsa don in rage sayen abinci a waje. Ba ni da obin, ƙaramin gas kawai gare ni. Sau uku ina yin kek: biyu sun ƙone ta ƙasa cikinsu ɗanye, na ukun ya yi ɗaci kamar sabulu. Ni ce ban iya ba, ko littafin ne bai dace da mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya saka wa yayarki da alheri. Na daɗe ina koyar da girki da gashi, kuma abin da kika lissafa ɗin nan kusan duk ɗalibar da ta fara da littafin waje ta taɓa kawo mini irinsa. Hannunki lafiyarsa ƙalau, littafin ma haka. Wadda ta rubuta shi tana tsaye ne a kicin ɗinta, da kofin awonta, da obin mai nuna zafi, da firji wanda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ta ɗauka duk mai karatu yana da irin waɗannan. Aikin da ke gabanki shi ne ki mayar da kowane umarni nata zuwa abin da ke cikin ɗakinki.

Kafin komai ki raba littafin gida biyu a ranki. Ɓangaren miya, shinkafa, taliya da nama yana ɗaukar gyara. In gishiri bai ji ba ki ƙara, in ruwa ya yi yawa ki bar shi ya tsotse, harshenki da abin da kika gani a wajen Mama sun ishe ki jagora. Ɓangaren gashi kuwa ba ya jin lallashi. Da zarar kwaɓi ya shiga wuta hannunki ya fita, duk kuskuren da ke cikinsa sai ya fito. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan gashin, tunda nan ne ciwon yake.

Mu fara da kek na uku, mai ɗanɗanon sabulu, don shi ko ban gani ba na san abin da ya same shi. Hoda biyu ce ake sa wa kek don ya tashi, dukkansu farare, sunayensu kuma sun yi kama: bekin soda da bekin foda. Bekin soda 'yar'uwar kanwa ce, hasali ma sinadarin da ke cikinta yana cikin kanwar da muke jiƙawa. Kin san yadda ake yi wa ƙullun waina idan ya kwana ya yi tsami: a zuba ruwan kanwa kaɗan, ƙullun ya yi kumfa, tsamin ya kwanta. In hannu ya zarce kuma wainar ta yi ja, ta yi bauri. To haka soda take. Sai ta haɗu da abu mai tsami kafin ta ba da iskar da ke ɗaga kek, in babu tsamin sai ta zauna a cikin kwaɓin yadda take, ki ji ta a harshe. Ita bekin foda soda ce da aka riga aka haɗa da nata tsamin a bushe, aka cuɗa da sitaci, saboda haka ruwa da zafi kaɗai take jira. Soda ta fi ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce kofi ɗaya na fulawa yana ɗaukar ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda, ko rubu'in ƙaramin cokali na soda. Ɗaya daga cikin abu biyu ya faru da ke: ko dai littafin ya ce foda mai shago ya ba ki soda, ko kuma kin karanta tsp a matsayin tbsp. Na farkon ƙaramin cokali ne, mililita 5. Na biyun babban cokali ne, mililita 15. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, amma ninki uku ne a cikin kwano. Wata ɗalibata ta taɓa yin wannan kuskuren a kek ɗin sunan ɗan yayarta, har yau ina tuna yadda ta zo da shi a leda idonta ya yi ja.

Ki kuma gwada hodar kafin ki yi asarar ƙwai. Zuba rabin cokali na bekin foda a ruwan zafi, in ta yi kumfa nan take da ranta. Soda kuma ki matsa mata lemon tsami. Wadda ake ƙullawa a leda a kasuwa takan sha iska da damshi, musamman da damina, ta mutu ba ki sani ba.

Sai maganar awo. Idan littafin Amurka ya ce kofi, wani ma'auni yake nufi tsayayye, mililita 237, wanda ake cikewa a ce 240, a shafe bakinsa ba tozo. Wata malamar girki ta birnin Boston mai suna Fannie Farmer ce ta yi fice wajen yaɗa wannan awo na shafaffen kofi da cokali tun 1896, kuma a kansa littattafansu suke tafiya har yau. Kofin shayinki na iya fin haka ko ya gaza. Gwangwanin madara na ruwa da muke awo da shi a gida wajen kashi biyu bisa uku ne na kofinsu, don haka wadda ta auna fulawa da gwangwani ta fasa ƙwai yadda littafi ya ce, kwaɓinta zai yi ruwa. Ko kofin daidai ne, yadda kika cika shi ma magana ce. In kika tankaɗe fulawa kika zuba da cokali kika shafe da bayan wuƙa, za ki samu giram 120 zuwa 125. In kika nutsa kofin cikin buhu kika danna, yana iya kai 150. A kek mai kofi biyu wannan bambancin ya isa ya mayar da shi kamar dutse.

Shawarata, in kuɗi ɗaya za ki kashe a wannan harka, ki sayi ƙaramin sikeli na kicin mai batir. Ya fi miki injin buga ƙwai amfani nesa ba kusa ba. Da shi sai ki rubuta waɗannan a bangon littafin da biro: kofin fulawa giram 125, kofin sukari 200, kofin bota 227. Inda suka ce sandar bota ɗaya, rabin kofi ke nan, giram 113. Awon nauyinsu da suke rubutawa oz giram 28 ne, fam kuma 454. In sikelin bai samu ba tukuna, akwai dabara. Robar ruwa mai santilita 50 kofi biyu ce da 'yar ɗoriya. Ki raba ruwanta biyu daidai, ki zuba rabin a kofin roba mai haske, ki ja layi ƙasa kaɗan da bakin ruwan, kin samu kofin awo. Murfin maganin ruwa na yara kuma yawanci yana da layin mililita 5 da 10, wani har 15. Ki wanke ɗaya tas ki ajiye shi a matsayin cokalin awonki.

Yanzu kek biyun da suka ƙone ta ƙasa. Littafin zai ce 350°F, wato ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke aiki da shi. A namu na Salsiyos wajen 180 ke nan: ki cire 32, ki ninka da 5, ki raba da 9. Haka 325 take zama wajen 165, 375 ta zama 190, 400 kuma wajen 200. Amma lambar ba ita ce ta ƙona miki kek ba. A cikin obin iska mai zafi ce ke kewaye gwangwani ta sama da ƙasa da gefe. Ke kuwa wutarki ta ƙasa kaɗai take zuwa, kuma gindin tukunyar da ke kan harshen gas ya fi 180 zafi sosai. In gwangwanin kek ya zauna a kan ƙarfen nan kai tsaye, ƙasan zai yi baƙi tun tsakiyar ba ta san an fara ba.

Iyayenmu sun warware wannan tun kafin obin ya shigo gidaje. Masu gurasa a cikin birnin Kano har gobe a tanderun ƙasa suke gashi, kuma kek ɗin biki da na Sallah da yawa a tukunyar yashi aka gasa su. Ki samu tukunya mai faɗi mai kauri, tsohuwa wadda kika haƙura da ita, don yashi yana cin gindin tukunya. Kada ki taɓa amfani da mai shafen nan da ke hana kamu, zafin bushe yana lalata shafen ya fitar da hayaƙi marar kyau. Ki wanke yashi ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba kaurin yatsa biyu. Gishiri ma yana yi, kuma ya fi tsabta a ɗaki. A kan yashin ki ɗora abin da zai ɗaga gwangwanin: zoben ƙarfe na ɗora tukunya, ko ragar waya, ko ƙananan gwangwanaye uku marasa komai. Yashin yana shanye zafin wutar ya raba shi daidai, tazarar kuma tana barin iska ta zagaya. Ki rufe da murfin ƙarfe mai kama baki, ki bar tukunyar ta yi zafi minti 10 zuwa 15 kafin ki sa komai. Wannan ɗumamawar ita ce mutane suka fi tsallakewa don tsimin gas, alhali kek da ya shiga tukunya mai sanyi botarsa ke narkewa ta kwanta kafin hodar ta ɗaga shi.

Don ki san zafin ya kai, ga gwajin da masu gashi suka yi ta yi tun kafin a samu ma'aunin zafi. Ki barbaɗa fulawa kaɗan a gwangwani ki ɗora a ciki ki rufe. In ta yi ruwan zuma cikin minti biyar, zafin ya yi daidai da kek. In ta yi duhu sosai, rage wuta. In tana nan fara, ƙara jira. Sau ɗaya ko biyu za ki yi wannan ki gane inda makunnin gas ɗinki ya kamata ya tsaya, sai ki yi masa alama.

Abu na gaba shi ne girman gwangwani, kuma a nan zan ce ki saɓa wa littafin kai tsaye. Shi zai ce ki juye kwaɓin a babban faranti mai inci 9. A tukunyar yashi babban kek yana wahalar nuna har tsakiya. Ki sayi ƙananan gwangwanayen kek na alminiyom a kasuwa, wajen masu sayar da kayan kicin, ki shafa musu bota ki barbaɗa fulawa, ki cika kowanne zuwa kashi biyu bisa uku. Suna nuna cikin minti 18 zuwa 25. Kada ki buɗe murfi kafin minti 15, don duk buɗewa zafin saman ne ke gudu, shi ne kuma dama ya yi miki ƙaranci. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba danƙo ya yi. Saman ba zai yi ja kamar na hoton littafin ba, kada wannan ya dame ki. Masu gashi a tsakar gida kan zuba garwashi a kan murfi don saman ya yi launi, amma wannan aikin fili ne. Gawayi a cikin ɗaki a rufe yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Ina roƙonki da Allah kada ki shigar da kurfoti ɗaki, ko sanyin hunturu ya kai ina. Gas ɗin ma ki kunna shi taga a buɗe, kuma ki bincika abin da dokar hostal ɗinku ta ce, don wasu makarantun sun keɓe wurin girki.

Ki ajiye kek ɗin da ke da hawa uku da ado tukuna. Ga wanda nake fara wa kowace ɗaliba da shi, don awonsa ba ya ɓacewa: ƙwai, bota, sukari da fulawa, duk nauyinsu ɗaya. Tsohon awo ne na Turawa, fam-fam suke yi na kowanne. Ke ki fasa ƙwai biyu ki auna, za su ba ki wajen giram 100. Sai ki auna bota 100, sukari 100, fulawa 100, da ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda da ɗan gishiri. Daɗin wannan tsarin shi ne ko ƙwan kajin gida kika samu ko na zabi, waɗanda suka fi na gidan gona ƙanƙanta, awon yana bin nauyin ƙwan da ke hannunki. Ki buga bota da sukari da muciya ko cokalin katako har su yi fari su yi sauƙi, wajen minti 8 zuwa 10 da hannu. Iskar da kike turawa ciki a wannan bugun ita ce rabin tashin kek ɗin, don haka kada ki gaji da wuri. Ki zuba ƙwan kaɗan-kaɗan kina bugawa. Daga nan ki tankaɗe fulawa da hodar a kai, ki juya a hankali, da kin daina ganin gari ki tsaya. Fulawa in ta jiƙe aka ci gaba da tuƙa ta danƙo take yi, irin danƙon da muke nema a kwaɓin fanke da alkubus, wanda a kek shi ne tauri. In kwaɓin ya ƙi faɗowa daga cokali, ƙara madara babban cokali ɗaya ko biyu. Zai ba ki ƙananan kek wajen shida.

Bota ma a kula. Ta gaske kashi 80 cikin ɗari mai ce. Ki nemi ta gashi wadda ake sayarwa a dunƙule ko a awo. Mai laushin nan ta shafa wa burodi sau da yawa ruwanta ya fi yawa, kek ɗinta yakan kwanta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, bota kan narke tun kafin ki gama buga ta, narkakkiya kuma ba ta riƙe iska. Ki yi gashinki da sassafe bayan asuba, ko ki ɗora kwanon a cikin wani mai ruwan sanyi. Da hunturu kuma yis ne ke nawa. In littafin ya ce kwaɓin burodi zai tashi cikin awa ɗaya, ki bar agogo ki dubi kwaɓin, sai ya ninka. Ki rufe shi da leda don iskar hunturu tana busar da samansa. Ruwan jiƙa yis ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, don ruwan da ya kai 60 a Salsiyos kashe shi yake.

Akwai kayan da littafin zai kira waɗanda za ki zaci sai babban kanti, alhali suna bakin ƙofar makaranta. Madarar nan mai tsami da suke kira batamilk, nonon Fulani ne ya fi kusa da ita, ko kindirmo da aka saki da ruwa kaɗan. Da ita ce ake haɗa soda. In babu, matsa babban cokali ɗaya na lemon tsami a kofin madara ki bar shi minti biyar. Jan sukari kuwa, ki daka mazarƙwaila ta yi laushi ki gauraya da farin sukari, ƙamshinta ma ya fi. Inda aka ce fulawar kek, ki ɗebe babban cokali biyu daga kowane kofi ki mayar da garin sitacin masara. Soyayyen man shanu yana yin biskit mai daɗin gaske, sai dai tunda kusan zallan mai ne, ki rage shi kaɗan daga abin da aka ce na bota. Abu ɗaya da ya kamata ki sani a matsayinki na Musulma: ruwan banila na asali da littattafan Amurka ke kira, dokar ƙasarsu ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa. Ki karanta jikin kwalba, ko ki sayi na gari, ko ki goga gyaɗar ƙamshi ko ɓawon lemon zaƙi, ni ma su na fi so. Inda girki ya ce a zuba giya, ruwan nama da ɗan lemon tsami ko ruwan tsamiya ya wadatar. Inda ya ce naman alade mai hayaƙi, kifi banda ko kilishi zai ba ki wannan ƙamshin.

A ɓangaren abinci ba zan ja ba. Yawancin girke-girken na mutum huɗu ne zuwa shida, ke kuwa ke kaɗai ce ko da 'yar ɗakinku, don haka ki raba komai biyu ko uku. In rabon ya faɗa kan ƙwai ɗaya, ki kaɗa shi ki ɗebi rabi. Lokacin dahuwar kaza da suka rubuta na kazar gidan gona ne 'yar sati shida ko bakwai, kazar Hausa sai ta ninka haka ko fiye. Wake ki jiƙa shi tun dare, gas ɗinki zai yi auki. Kanwa tana saurin nunar da shi, amma tana lalata bitamin B1 da ke ciki, saboda haka in za ki sa, kaɗan.

Inda littafin zai iya cutar da ke ba da niyya ba shi ne inda yake cewa a dafa da yawa a ci kwana uku. Da firjinsu suke magana. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki ba, in zafi ya haura 32 kuma awa ɗaya. Shinkafa ta fi ko wanne haɗari, don akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga tafasa, ta hayayyafa in shinkafar ta huce, ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Yawancin ciwon cikin da ɗalibai ke ɗora wa ruwan makaranta, ni na fi zargin shinkafar da aka dafa da safe aka ci da dare. Abin da za ki yi da yawa ki ajiye shi ne busassun kaya: yaji, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli, cincin, da tumatir da attaruhu da kika soya a mai har ruwansu ya ƙone ƙurmus, wanda shi ma ki riƙa tafasa shi safe da yamma kina ɗiba da busasshen cokali. Da waɗannan a loka, dafa-duka ko taliya ba za su ɗauke ki rabin awa ba bayan lakca.

Wannan zangon karatun ki zaɓi girki biyar kacal daga littafin, uku na abinci biyu na gashi, ki yi ta maimaita su. Duk ranar da kika yi, ki rubuta a gefen shafin da fensir: gwangwani nawa ya fita, minti nawa ya ɗauka, ina makunnin gas ya tsaya, me kika musanya da me. In za ki canja wani abu, abu ɗaya za ki canja a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ki san wanne ya gyara ko ya ɓata ba. Ranar Asabar mai zuwa ki fara da kek mai ƙwai biyun nan. Ki yanka ɗaya ta tsakiya bayan ya huce ki duba. In akwai layi mai danƙo a ƙasa, tukunyar ba ta yi zafi ba kafin ki sa shi. In ya tashi ya faɗa a tsakiya, ko hodar ta yi yawa ko kin buɗe murfi da wuri. In ya tsage a sama gefensa ya yi duhu, wuta ta yi yawa. Ki aiko mini da abin da kika gani, daga nan sai mu shiga burodi. Ki gaida yayar taki.